Ɗanyen Daɓen Inna

"Ta huta." Haka maza suka riƙa faɗi a ƙofar gida ranar da aka rufe Inna, uwar maigidana. Wani tsoho da ke jingine da zana ya ƙara da cewa, "Mu ma mun huta," aka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, aka bi ta da istigfari. Ina bayan zanan ina zuba ruwa a buta, na ji da kunnena. Na gane muryar, kuma har ya bar duniya bai sake cin tuwon hannuna ba.

A cikin gida kuwa kukan gaske ake yi. Matan unguwa da suka shekara suna durƙuso tare da ita wajen daɓe sun cika tsakar gida, babu mai iya ba wata haƙuri. Washegari ƴan'uwanta na ƙauye suka iso a ƙafa, Kurfayawan da ba su bar al'adar kakanni ba. Suka zauna can gefe a gindin aduwa, ba su shiga addu'a ba, kuma ba wanda ya tuna ya kai musu tabarma sai ni. Wani tsohon gardi, dogarin Nasara, da ya taɓa zaman haya a gidan ya zo daga garin Damana. Ya tuɓe takalmi a bakin ɗakin da ya zauna, ya durƙusa ya shafa ƙasan da tafin hannu, ya ce, "Ko ɗan rami babu. Matag ga ba ta san ha'inci ba." Sai ya rufe fuska da hula.

Ni kuwa kuka ya ƙi zo mini, don hankalina yana ɗakin gabas. Inna ta cika ne ta bar daɓen ɗakin ɗanye, an yi masa bugun kwana huɗu, saura uku. Ɗanyen daɓe ba ya jiran kowa. In ya sha iska ya tsage, shi ke nan, kuma in wannan ya tsage, ɗakunan hayar nan biyar da Inna ta riƙe da ƙarfin hannunta za su koma hannun Baba Ƙarami, ƙanen mijinta marigayi, ya zuba musu siminti. Haka aka yi alkawari gaban dattawa, zan zo kan wannan. Yaran yanzu in an ambace ta sai su ce, "Au, tsohuwar nan mai taurin kai?" Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani, tun kafin a zo ana cewa ni ma na huta.

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara, garinmu Filinge ya cika da baƙi masu neman ɗaki: komi-komi, wato akawunan ofis, da mushe, wato malaman makarantar boko, da gardawa, da masu aikin likita. Mijin Inna ya rasu ya bar mata fili da yara, ita ta yi ta tara tubali tana ƙara ɗaki bisa ɗaki har suka zama biyar. Bango da rufi aikin maza ne, ta bar musu. Ƙasan ɗaki kuwa ba ta taɓa yarda wani ya sa mata baki ba.

Tana cewa daɓen ɗakin amarya daban, na ɗakin haya daban. "Amarya lallaɓa ɗakinta taka yi," in ji ta. "Ɗan haya hwa? Gadon ƙarhe zai ja, takalmi mai ƙusa zai taka, matatai ta yi daka ciki in rana ta yi zahi, ɗiyanai su tsula hitsari. Ran da zai tahi ko waiwaye ba ya yi. To ni ba don wanda ka ciki nika yi ba, don na bayanshi da na bayan na bayanshi." Shi ya sa nata daɓen ya ninka na kowa kauri. Tsakuwar marmara daga gindin dutse ake ɗauko mata a jakai, ta zauna ta tsince ta da hannu. Ƙasar suri take haɗawa da ita, ba ta yarda da ƙasar bakin tafki ba. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke sa daɓe ya yi baƙi ya yi tauri, daga kasuwar Baleyara ake kawo mata ɓawon. In ya yi wuya ta jiƙa bagaruwa, tana jiƙawa tana tsaki.

Kwana bakwai take bugu. Sauran mata a kwana biyu sun gama sun yi guɗa, ita kullum da safe sai a yayyafa ruwa kaɗan, mata su jeru a durƙushe da madaɓai, ana waƙa ana bugu daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, a rufe da tabarmi masu danshi sai gobe. Namiji ba ya taka ɗanyen daɓenta ko da liman ne. Kafin a fara kuma sai ta zuba ƴar gumba a bakin ƙofa, kamar yadda uwarta ke yi a ƙauye. Tana salla, tana azumi, amma wannan ba ta bari ba. Wani malami ya taɓa yi mata magana, ta ce, "Malam, hatsina na, ƙohwata ta. In tururuwa sunka ci, Allah ya ba ni lada." Bai sake ba.

Kada a ɗauka zaman lafiya muka yi da ita tun farko. Ina! Ina amarya ɗanya ta ba ni aikin yayyafi a wani ɗaki, ta tafi suna. Ni da son a yaba, na ga in na zuba ruwa da yawa ƙasar tana laushi, madaɓi na tafiya sumul, saman yana ƙyalli. Na kwarara abina, muka gama da wuri, na zauna ina jiran sannu. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ƙasan da ɗan yatsa, ta saurara. Sai ta ɗauko fartanya ta miƙo mini.

"Tone shi."

Na ce, "Inna, duba hwa yadda ya yi kyau."

"Kyau za a taka? Sama kin daɗe, ƙasa kunu. Tone shi dut, ɗiyag ga."

Na tone ina hawaye, ƙawayena na kallo. Kwana tara ban gaishe ta da fara'a ba, ita ma ko a jikinta. Na je har gidanmu na kai ƙara, uwata ta ce in koma in koyi sana'a in bar sakarci. Wallahi a lokacin da za a ce in zaɓa tsakanin Inna da ciwon haƙori, ciwon haƙori zan ɗauka.

Amma da na haifi ɗana na fari ya koma kwana biyu da suna, wannan tsohuwar ce ta hana kowa tashina. Ba ta iya lallashi da baki ba. Sai ta kwashe ni ta kai ɗakinta, ta fitar da kayana, ta sake wa ɗakina daɓe ita kaɗai, ba waƙa, ba mataimaki, har kwana bakwai. Da na koma, ƙasan ɗakin ya yi sanyi, yana ƙamshin makuba, babu sauran wurin da zan kalla in ce nan na shimfiɗe shi. Ta ce kawai, "Shiga ki kwanta." Daga ranar na san wace ce ita, na kuma riƙa tashi kafin ta tashe ni.

Tana da wasu halaye da har yanzu nake dariyarsu. In sabon ɗan haya ya zo, ba fuskarsa take fara kallo ba, takalminsa. Sai ta sa a kwanto gadonsa ta duba ƙafafun, in masu kaifi ne ta ba shi fasassun ƙwarya huɗu ya sa a ƙasa. Maigidana kuwa ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan." In tana son ya ci abinci sai ta ce da ni, "Wancan ya ci, ko yunwa kika son ta kashe ma mutane shi?" Shi ma bai iya haɗa ido da ita ba.

Rigima ta zo ne da siminti. Nasara suka zuba shi a ofisoshinsu, sai kowane komi mai wando da takalmi ya ga ai shi ma ya wuce kwana a kan ƙasa. Baba Ƙarami, wanda tun rasuwar wansa yake ganin bai kamata mace ta riƙe ɗakunan haya ba, ya samu abin kamawa. Ya kawo wani magini daga Yamai, ya tara dangi, ya ce gidan ɗan'uwansa ba zai zama abin dariya ba. Maigidana ya sunkuyar da kai ya bi bayan baban nasa, abin da ya ƙona mini rai ƙwarai. Inna ta ga an yi mata taro, ta ce, "Ɗaki guda. Ku ɗauki na gabas ku yi wasanku."

Ranar da aka gama, unguwa ta zo kallo. Sumul, fari-fari, yara suna sulu a kai. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ya burge ni. Inna ta dubi buhunan da aka zazzage, ta dubi tulin yashin da aka cinye, ta ce da maginin, "Samari, wanda Nasara ka zuba ma kansu na gani, kauri gare shi, ban raina shi ba. Wanga da ka yi muna shahe na. Yashi ka lulluɓe da mayahi." Maginin ya yi dariya ya ce tsohuwa ba ta san zamani ba.

Damina uku aka yi. Gadon ƙarfen wani mushe ya fara huda shi, ya dare daga ƙofa zuwa bango, gara ta samu hanya, in ka taka sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya a kife. Gyara kuma sai an jira mota daga Yamai. Daɓe in ya ɗan ci, mata uku da hantsi guda sun ɗinke shi.

Da maginin ya dawo duba aikin, Baba Ƙarami na tsaye, ya ce laifin ƴan haya ne. Inna ta shiga madafa ta fito da taɓarya, ta miƙa masa, ta nuna ɗakin da ke kusa, wanda daɓensa ya girmi aurena.

"Kai namiji na. Ɗaga da ƙarhinka ka buga nan sau uku."

Ya buga. Taɓarya ta yi tsalle, sai ɗan farin tabo da ta goge da ƙafa.

"To ba ni."

Ta taka zuwa ɗakin gabas, ta zaɓi inda bai tsage ba, ta ɗaga da hannayen nan nata na tsohuwa ta saki sau ɗaya. Ya fashe kamar ƙanzo. Matan da ke leƙe ta katanga suka kwashe da guɗa, Baba Ƙarami ya kaɗa riga ya fita.

Za ka ce ta ci nasara ke nan. Ina fa! Mutum ya ga gaskiya da idonsa, ya ce shi dai ƙarya ta fi masa kyan gani. Wasu gidaje suka yi ta shafa simintinsu, ƴan haya suka riƙa komawa can. Wani komi ya dubi Inna ya ce ƙasa dai ƙasa ce, shi ba zai kawo abokan aikinsa su gan shi a ɗakin ƙauye ba. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta taya shi fitar da akwati. Ɗakuna biyu suka shekara babu kowa, mun ji jiki a gidan, tuwonmu ya koma sau ɗaya. Na taɓa ce mata, "Inna, ko mu shafa musu abin nan su bar mu mu sha iska?" Ta dube ni ta ce, "In ba mutum abin da na san zai hwashe mishi ƙarƙashin ƙahwa? Ke ki yi bayan raina." Na ji kunya har ƙasa.

Baba Ƙarami ya sake tara dattawa, ya ce tsufa ya kama ta, tana kashe gidan marayu da gardama, a ba shi ɗakunan ya gyara. A lokacin tari ya riga ya kama ta, ta rame. Ta zo ta zauna a bakin zaure, ta ce a ba ta ɗakin gabas, ta fasa simintin ta yi masa daɓe. "In ya tsage, ko wurin yi ko bayan damina guda, ku ɗauki ɗakunan dut ku ba shi. In bai tsage ba, kada in sake jin bakin kowa, ni ko ɗiyag ga bayana." Ta nuna ni. Dattawa suka shaida, aka shafa fatiha.

Muka fasa, muka kwashe, muka zuba tsakuwa. Na roƙe ta ta zauna a kujera ta riƙa nuni, ta ƙi. Kwana huɗu tana durƙushe a sahun gaba, tana tari tana bugu. Ran na biyar da safe, kafin mata su taru, ta shiga ita kaɗai ta fara daga ƙurya. Na ji bugun ya tsaya, sai muryarta: "Ke ɗiya, zo kama ni." Na ɗauko ta a kafaɗa, ba ta fi dami guda nauyi ba. Kafin hantsi ya yi zafi ta cika. Wata maƙwabciya ce ta yi hankalin mayar da tabarmi kan daɓen ta rufe ƙofar.

To ga inda aka tsaya. Gidan makoki ba a daka, ba a waƙa, ba a aikin da zai yi ƙara sai an yi bakwai, kowa ya san haka. Baba Ƙarami ma ya sani, shi ya sa ya zauna a kan buzu yana karɓar gaisuwa hankali kwance. Bazara ce, iska kamar daga bakin murhu. Kwana biyu ina satar jiki ina yayyafa wa tabarmin ruwa, amma yayyafi ba bugu ba ne.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ƙofar gida ta cika maƙil, malamai sun fara addu'a. Na shiga ɗakin gabas na ɗaga tabarmar bakin ƙofa. Sai ga wasu siraran layuka kamar gashi sun fara bi ta gefen bango. Kafin la'asar za su buɗe baki. Na tsaya ina kallonsu. Na san abin da za a ce da ni, na san har jikokina sai an gaya musu. Na ce a raina, a faɗa ɗin. Na yaye tabarmin gaba, na yayyafa makuba, na durƙusa, na ɗaga madaɓi.

Bugun farko sai da gidan ya yi tsit. Na biyu, na ji wata gwaggo tana salati tana cewa na haukace. Ban ɗaga kai ba. Can sai inuwa ta rufe ƙofa, babbar ƙawar Inna ce, tsohuwa mai ido ɗaya. Ta ce, "Matsa, ba haka taka riƙe shi ba." Ta durƙusa kusa da ni. Wata ta bi, wata ta bi, har da biyu daga cikin ƴan ƙauyen nan na gindin aduwa. Muka jeru mu takwas. Ba mu yi waƙa ba, wannan kam mun bar wa makoki haƙƙinsa, numfashinmu ne ke haɗa mana hannu.

Daga waje muryar Baba Ƙarami ta tashi, har cikin ɗaki ina ji. "Wane irin wulaƙanci na wanga? Ana addu'a ana yi muna kiɗi? Kai, tashi ka tsai da matarka, in ko ba ka iyawa ka gaya mini!"

Muna ta matsawa ƙurya, muna yaye tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga ta ƙarshe, sai hannuna ya tsaya. A kusurwar, inda ƙasar ta fi laushi, ga gurbin gwiwoyi biyu, ƙanana, da shatin yatsu biyar a gefe inda ta dafa za ta tashi ta kasa. Matan suka gani, madaɓai suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai ido ɗaya ta toshe baki da gefen zane.

Daidai nan maigidana ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai tako ba. Fuskarsa a murtuke, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya bi inda muke kallo.

Ya ce, "Nata na?"

Na ce, "Nata na."

"In kin buga?"

"Ya ɓace."

"In kin bari hwa?"

"Nan zai hwara tsagewa."

Baba Ƙarami na ta kiransa daga zaure. Bai waiwaya ba. Ya kama dogaran ƙofa da hannu biyu, mutumin da tun da na san shi bai taɓa musa wa ƙanen babansa ba, ya ce, "Buga."

Na yayyafa makuba a kan gwiwoyin Inna, na ɗaga madaɓi na sauke. Sau bakwai na buga kafin wurin ya daidaita da sauran, kuma a nan ne kukan da ya ƙi zuwa kwana uku ya ɓalle mini. Ina bugu ina kuka, matan suka kama, shi kuma yana tsaye ya tare ƙofa da jikinsa har muka kai bango.

Mun cika wa daɓen bugunsa na kwana bakwai. Damina ta zo ta wuce, daɓen bai tsage ba. Har yau akwai gidajen da in na shiga ake cewa ga wadda ta yi bugu a makokin uwar mijinta. Ni ce, kuma da za a maido ranar, da na fara tun da sassafe.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata abin da ta yi daidai da saninta da wanda ta yi cikin rashin sani, ya sanyaya mata ƙasar da take kwance a kai. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ƙarfin gwiwar gama abin da muka tarar an fara.